Baba Alassan Gardi da Gogen Tunuga

Shekara goma sha takwas Baba Alassan ya yi yana tsaron ƙofar lise ɗinmu, babbar sakandare, a nan Gaya. Tara daga cikinsu ina koyarwa a wurin, amma ban taɓa duban hannunsa ba. Wa ke duban hannun gardi? Fuska dai na sani: dogon tsoho siriri, gemu duk furfura, da hula guda da rana ta cinye launinta. Kullum da safe in ce, "Ina kwana, Baba?" ya ce, "Lahiya lau, Madam," in tura moto ɗina, wato babur, in shige. Iyakar sanina da shi ke nan, ni da nake ji da kaina wai na san mutane.

Sunana Salima, ni ce malamar Faransanci, kuma ni ke riƙe da ƴan tiyatir, masu wasan kwaikwayo na makarantar. Yara suna kirana Madam Barkono a bayan idona. Na sani, kuma ba su yi ƙarya ba.

Abu biyu kowa ya sani game da Baba Alassan. Na farko, ba ya zama inda ake kiɗa. Ko mota ce ta wuce da waƙa, sai ya shige ɗan ɗakinsa na bakin ƙofa har ta yi nisa. Da yake shi ne ladanin masallacin unguwa, sai aka ɗauka tsoron Allah ne kawai. Na biyu, jikarsa Mansura, wadda ya rena shi kaɗai tun tana jaririya, ba ta zuwa bakin gulbi. A garin Gaya fa! Garin da kowane yaro ya san hanyar gulbi kafin ya san ta lekol, wato makaranta. Shekarar da muka kai ƴan ajinsu ganin gada, da kansa ya zo ya ce ba ta da lafiya, alhali ga ta can tana tsalle a fili. Ita kuwa dariya abin yake ba ta. Da wasan jika da kaka takan ce, "Mijin nan nawa kishi gare shi, Madam, har da gulbi yake yi." Shi kuma uwargida yake ce mata.

Mansura tana ajin ƙarshe a bara, kuma ban taɓa koyar da yarinya mai kai kamar nata ba. Likita take son zama.

Tun da aka rufe gadar kan iyaka manyan motoci suka tsaya, samarinmu da yawa suka bar aji suka koma dako a bakin jiragen ruwa. Sai shugaban makaranta ya ce a shirya taro a watan Afrilu, a kira shi Ranar Sabbin Tunani: a gayyato mutanen da suka yi wani abu da rayuwarsu su yi wa yara magana, yara kuma su yi waƙe da rawa da tiyatir. Aka gayyaci Hajiya Zalika mai manyan motoci, wadda ta fara da tallar kifi, da wani injiniya daga Yamai. Ni na kawo shawarar a sa Baba Alassan cikin masu magana, mutumin da bai taɓa makara a aiki ba ko sau ɗaya. Na ji daɗin kaina ƙwarai da wannan dabara.

Wasan da na rubuta a kan gulbi ne. Gulbi zai fito a siffar mace, ya kawo ƙarar mutanen gari: ledoji, man inji, jiragen da ake cikawa har baki. A ƙarshe macen ta yi rawa ita kaɗai. Mansura na ba wannan rawa. Kiɗan kuwa a waya na same shi, wata ƙawata ta turo mini, wai tsohon gogen Tunuga ne. Ranar da na fara jinsa sai da tsigar jikina ta tashi. Na ce shi ke nan, na samu. Har wani tsohon goge na aro daga gidan matasa don mu rataye a dandali, ya zama ado.

Ranar da muka fara gwaji da kiɗan, ko minti biyu bai yi ba sai ga inuwa a ƙofar aji. Baba Alassan ne. Ya bar ƙofar makaranta a buɗe ya taho, abin da bai taɓa yi ba.

"Madam, ina kika samo wannan?"

Na tsayar da wayar na ce, "Baba, aiki muke yi fa."

Bai dube ni ba. Mansura yake kallo, tana tsakiyar aji da shuɗin zane a kafaɗa. Ya ce, "Uwargida, je ki sha ruwa." Sannan ya ce da ni, "In an yi la'asar ina roƙon ki same ni, don Allah."

Na je, ina ta cika ina batsewa. Ya ba ni bencinsa a ƙarƙashin itacen bedi, shi ya zauna a ƙasa. Sai ya miƙo hannunsa na hagu ya buɗe. A kan yatsu uku akwai kanta mai tauri, baƙa, da wani siririn layi a tsakiya kamar an ja zare a kan sabulu.

"Shekara goma sha takwas ban taɓa tsirkiya ba, amma bai goge ba," in ji shi. "Kiɗan da ke cikin wayarki, hannun nan ne."

A nan ya ba ni labarinsa. A Tunuga aka haife shi, gidan masunta. Ubansa ya so ya bi ruwa, amma kawunsa mai goge ya ɗauke shi tun yana ɗan shekara goma sha biyu. Shekara uku bai taɓa goge ba, ƙaro kawai yake shafa wa izgar da ake gogawa, yana saurare. Da ya fara kuwa, ba a ƙara tuna kawun ba. Daga Tanda har Kamba, har ƙetare Malanbil, in babu Alassan sai a fasa wasa. Ya yi kiɗan biki, ya yi na bori. Ya ce ba ya alfahari da shi, amma ba zai ɓoye mini ba.

"Wannan na masu ruwa ne, iskokin gulbi," ya ce. "Juyi huɗu gare shi. A wajen biki uku muke yi, sai mu karya mu shige kiɗan amare, ba wanda ke ganewa. Na huɗu kira ne. Ba a yin sa sai manya na zaune an shirya. In kuwa an yi shi, ba a yanke shi. Sai an bi shi da kiɗan sallama, a hankali, har wanda ya zo ya koma."

Wata ranar kasuwa wani baƙo ya zo Tunuga da na'urar ɗaukar murya. Ya zaunar da shi a bakin gulbi, ya yi ta yabonsa, ya ce ya ji akwai wani sashe da babu mai iya shi yanzu. Alassan ya ce shi ya iya. Girman kai ne kawai, in ji shi, ba wanda ya tilasta masa. Ya shiga juyi na huɗu da rana tsaka.

Can ƙasa kaɗan ɗiyarsa Zuhura tana wanke tukwane da goyo a baya. Yana gani ta miƙe, ta kwance goyon, ta shimfiɗe jaririyar a kan tabarma, ta gyara mata zane. Sai ta juya ta shiga ruwa, tana tafiya kamar mai zuwa gidan maƙwabta.

"Da na tsaya na yi sallama, Madam. Na san haka, ni na san haka fiye da kowa. Amma uba ne ya tashi, ba makaɗi ba. Na jefar da goge na ruga. Bayan kwana uku aka sami gawarta. Ba ki lura kiɗan ya yanke a ƙarshe ba, an ji kamar ihu?"

Na lura. Na ɗauka wayar ce ta lalata shi.

Jaririyar ita ce Mansura. Ubanta ya tafi Kwatano bai sake waiwaye ba. Alassan ya fasa gogensa, ya rantse da Alƙur'ani ba zai ƙara taɓa wani ba, ya ɗauko jikarsa ya zo Gaya. An gaya wa yarinyar jirgi ne ya kife da uwarta.

Ya roƙe ni in cire ta daga wasan. Na ce ba zai yiwu ba, saura kwana goma. Ya ce to in canza kiɗa. Na ce rawar a kansa aka gina ta. Sai ya ce, "To ki tsaya a juyi na uku. Zan nuna miki wurin." Ya saurara da ido a rufe, gumi na tsiyaya daga hularsa, ya ɗaga yatsa a daidai inda za a tsaya. Na yi masa alkawari.

Yanzu bari in faɗi abin da na yi, don ba mantuwa ba ce. Tausayinsa ya kama ni, wallahi ya kama ni. Amma a zuciyata na ce matar nan farfaɗiya gare ta, ko baƙin cikin miji, tsoho kuwa ya ɗora wa kansa laifi. Sashen na huɗu shi ne mafi daɗi a kiɗan duka, ga baƙi za su zo daga Yamai. Sai na yi kwafi biyu. Duk gwajin da muka yi da yankakken muka yi, saboda na san yana saurare daga bakin ƙofa. Ranar taro kuwa, cikakken na ba Bilal mai sono, mai kula da na'urar sauti. Na ce wa Mansura kiɗan zai ɗan ƙara tsawo, ta bi shi kawai.

Tun safe ranar ba ta yi mini daɗi ba. Zafin Afrilu ya danne gari, ko ganye ba ya motsi. An kafa rumfuna a filin makaranta, mutane sun cika har kan katanga. Da na je gyara kayan dandali, na ga gogen nan na ado ba yadda na bar shi yake ba. An ɗaure tsirkiyarsa ta yi tsam, an shafa wa izgar sabon ƙaro har yana ƙamshi. Na tambayi yara wa ya taɓa, ba wanda ya sani. Aiki ya yi mini yawa, na wuce.

Hajiya Zalika ta yi magana, ta sa yara dariya da labarin ranar da ta fara tuƙa mota ta shiga rumfar mai shayi. Injiniya ya yi nasa da Faransanci mai tsawo har ƴan baya suka fara gyangyaɗi. Sai aka kira Baba Alassan. Ya hau da farar riga ta Juma'a, ya riƙe mikro kamar zai ƙone shi.

"Ni ban yi lekol ba," ya ce. "Ƙofa nake tsaro. Kullum kafin in buɗe ta da safe, sai na gwada kwaɗon na ga yana rufuwa. Ku ma duk abin da za ku fara, ku tambayi wanda ya riga ku yadda ake gama shi. Iyakar abin da na sani ke nan."

Aka yi tafi kaɗan. Yana saukowa ya dube ni. Ni kuwa na yi kamar ina duba takarda.

Wasan ya tafi daidai. Mansura ta fito da shuɗin zane, ta yi wa ƴan gari tas, mutane suna ta sowa. Sai rawar ƙarshe. Juyi na farko, na biyu, na uku. Na saci kallon Baba a kujerarsa ta gaba, kusa da Liman Misbahu, limamin masallacin da yake ladanci. Ya saki numfashi a inda ya kamata kiɗan ya tsaya. Kiɗan bai tsaya ba.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta yi haka ba. Bai yi fushi ba. Kamar dai wanda aka gaya wa labarin da ya daɗe yana jira.

Na juya ga dandali. Rawar da Mansura ke yi ba tawa ba ce. Kafaɗunta sun sauka, kanta ya karkata gefe guda, ƙafafunta suna jan ƙasa kamar mai tafiya cikin ruwa. Idonta a buɗe, amma ba mu take kallo ba. Innalillahi! Na yi wa Bilal tsawa, "Kashe! Kashe shi!"

"Kada a kashe!" Baba ya ɗaga murya, muryar da yake kiran salla da ita. Amma Bilal ya riga ya zare waya.

Wuri ya yi tsit. Mansura ta tsaya cak. Sai ta sauko daga dandali, ta ratsa tsakanin kujeru ta nufi ƙofar makaranta, wadda ke fuskantar hanyar gulbi. Ba gudu take ba. Na sha gabanta na kira sunanta, ta ture ni da hannu ɗaya na faɗi kan kujeru, ni da na fi ta jiki sau biyu. Ƙofar a kulle take da kwaɗo, da rana tsaka, ranar taro. Baba ne ya kulle ta. Ta kama ƙarfen da hannu biyu tana jijjigawa, sannan ta sa ƙafa ta fara hawa.

Baba bai bi ta ba. Wannan karon bai ruga ba. Ya hau dandali, ya sauko da gogen, ya dubi Liman Misbahu sau ɗaya. Sai ya zauna a ƙasa da farar rigarsa, ya dafa gogen a cinya.

Ni dai ban san yadda zan kwatanta kiɗan ba. Ya ɗauko shi daga daidai inda aka yanke, ya riƙe shi, sai ya yi ta sassauta shi kamar mai lallashin yaro ya yi barci. Hawaye na zuba a gemunsa, hannun kuwa bai kuskure ko sau ɗaya ba. Mansura ta saki ƙarfen. Ta juyo. Taku ɗaya, ta tsaya, wani takun. Ta daɗe kafin ta iso. Ta zauna a gabansa, ta yi atishawa sau uku, ta ce, "Kaka, ƙishirwa nake ji."

Ƴan baya suka ɓarke da tafi, sun ɗauka duk cikin wasan ne. Har injiniya ya miƙe tsaye yana tafawa. Hajiya Zalika, wadda ta girma a bakin gulbi, ba ta tafa ba. Ta rufe baki da mayafi.

A likita an ce zafi ne da rashin cin abinci. Mai yiwuwa ne. Har yau ni ban san abin da na gani ba. Liman Misbahu ya ce rantsuwa tana da kaffara, kuma ba wanda ya kori Baba daga masallaci. Ya yi kaffarar. Amma bayan mako guda ya miƙa makullan makaranta, ya sa Mansura a mota zuwa Dogon Dutsi wurin ƙanwarsa, inda babu gulbi, ta rubuta bak, jarrabawar ƙarshe, a can.

Na je ba shi haƙuri yana ɗaure kaya. Na durƙusa, ni Madam Barkono, na ce, "Baba, ni na yi. Da gangan na yi."

"Na sani, Madam. Shi ya sa na shafa ƙaro." Ko faɗa bai yi mini ba, da ma ya yi. Ya ce, "Shekara goma sha takwas na yi shiru don masu ruwa su manta da mu. Yanzu sun ji hannuna, sun ga yarinyar. Zan koma Tunuga. Muddin ina kaɗa musu, ba za su neme ta ba."

Mansura ta ci bak da babban sakamako. Watan jiya ta kira ni tana murna: ta samu gurbin karatun likita a Yamai. Ɗakin kwanan ɗalibai yana ƙetaren gulbi, in ji ta, daga taga ana hango ruwa. Na ce ta dakata, na zayyana mata komai, har da labarin uwarta. Ta yi kuka sosai. Da ta gama ta ce, "Madam, ai ke kika koya mana kada mu bar tsoron abin da ba mu gani ba ya tare mana hanya." Ni na koya musu, shekara uku ina nanatawa.

Ranar Alhamis da ta wuce na hau moto na je Tunuga. Tun daga nesa na ji gogen. Yana zaune a bakin ruwa shi kaɗai da la'asar, mata masu wanki sun ja can nesa da shi. Ya rame. Da ya ajiye izgar don mu gaisa, na ga hannun yana rawa, har sai da ya danne shi da ɗayan. Ya ce sanyin ruwa ne, yatsun sun fara ƙi.

"Ina labarin uwargida? Tana can Dogon Dutsi lahiya?"

Duk hanya na shirya ƙaryar da zan yi masa. Amma na riga na yi masa guda, na ga abin da ta haifar. Na gaya masa inda za ta, da ranar tafiya, har da tagar.

Sai ya ciro ƙaro daga aljihu ya shafa wa izgar. Ya gyara zama, ya juya fuskarsa sama, wajen da ruwan ke gangarowa daga Yamai. Sau biyu izgar tana zamewa daga yatsunsa kafin kiɗan ya kama.